Keken da Aka Auna a Jikina

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya da bai kai a faɗa ba.

Tsawon nan da kuke min dariya ya yi rana. Wani likita ya sa mu ƙera masa keke a shagonmu, kuma tsawonmu ɗaya, har ƙafa. Ba shi da lokacin zuwa awo, sai maigida ya ce in hau a madadinsa. A jikina aka ƙara tsawon ƙarfen sama, aka ɗaga kan keken, aka ja sirdi baya. Ni na yi waldar.

Ranar gwaji, Yaya, karon farko gwiwata ba ta bugi kan keke ba. Bayana ya miƙe! Zagaye ɗaya maigida ya ce, na yi huɗu.

Jiya likitan ya zo ɗauka. Ko hawa bai yi ba, wai launin ne ya burge shi. Na ce Allah ya sanya alheri, amma Allah ya yafe min, a baki addu'ar ta tsaya.

Na dawo gida a kan tsohon nawa, a dunƙule kamar kullum.

Kada Inna ta ji maganar bayan.

Ƙaninki,
Dogo