Kar Ki Kwaɓa Lallen Sabon Buhu

Auta,

Ranar da aka aiko cewa Yaya ta rasu, ranar sabon mai lallen nan ya kawo buhu. Hankalina ba ya jikina, na karɓa ban duba ba. Ɗazu na jiƙa kaɗan, nan take ruwan ya yi kore shar, ga yashi kwance a ƙasan kofi. Rini ya zuba.

Kar ki sa wa kowa, ko mata sun cika tsakar gida. Yaya ba ta taɓa ƙona hannun 'yar mutane ba. Na gaji, amma na tafi neman tsohon da take saye a wurinsa.

Har yanzu kullum da safe sai na ɗibi garin na miƙa gefena, wai ta sansana.