Sunan Mama a Takarda

Yuendumu, 3 ga Mayu

Zuwa ga Farfesa Hamish Orr,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Ni ce Tarisha, 'yar ƙanwar Kumanjayi, wadda kuka yi shekara goma sha ɗaya kuna aiki tare. Kumanjayi muke kiran duk wanda ya rasu, don ba a faɗin sunansa. Kai kuwa sau bakwai ka rubuta sunan Mama, kamar yadda nake kiranta, a wasiƙarka. Ni aka ba in karanta wa Kaka, mahaifiyarta, a zangon makoki, ina ta tsallake sunan, har Kawu Desmond ya ce, "Kai, makarantar nan taki ta garin Alice asara ce, ko karatu ba ki iya ba." Daga baya na bi da baƙin alƙalami na shafe su duka.

Ban gane abin da kake so Kaka ta sa wa hannu ba. Ka yi haƙuri, ban saba rubuta wa manya ba.

Taka cikin ladabi,
Tarisha

Melbourne, 10 ga Mayu

'Yata Tarisha,

Na gaishe ki, ki gaishe min da Kaka. Kumanjayi ta taɓa gaya min al'adar nan, na manta. Na ji kunya ƙwarai.

Aikinta na ƙarshe a kan ƙwayar cutar nan ne da ke shiga jinin jariri ta nono, ta yi shekaru a ɓoye, sannan ta jawo wa wasu sankarar jini. Ita ta gano alamar da garkuwar jiki ke nunawa tun kafin ciwon ya tashi. Mujallar da za ta buga aikin ba za ta sa sunan mamaci ba sai da sa hannun iyalinsa, kafin ƙarshen wata. In ba haka ba zai fito da sunana kaɗai. Masu bincike sun ambaci ayyukanta fiye da sau dubu huɗu, wannan kuma ya fi duka. Ina kewarta kullum.

Naku,
Hamish

Yuendumu, 19 ga Mayu

Farfesa,

Ina gaisuwa. Abin bai yiwu ba.

Kaka ba ta yi magana da baki ba tun rasuwar, haka iyaye mata ke yi, sai da hannu. Na durƙusa na yi mata bayanin dubu huɗun nan. Ta ɗaga hannu ta ce a'a, ta juya ta ci gaba da gasa wutsiyar kangaru. Kawu ya ce, "Mutum dubu huɗu na kiran sunanta? To yaushe za ta huta?"

A littattafan da nake karantawa, yarinya na miƙewa ta yi magana mai ratsa zuciya, kowa ya yi hawaye ya yarda. Ni dare uku ina shirya tawa, da na buɗe baki muryata ta shige ciki. Haushin kaina nake ji, ina jin haushin mujallarku ma. Su wa suka ce makoki na ƙarewa a ƙarshen wata?

Na karanta layin ƙarshe na wasiƙarka sau da yawa. Ba zan tambaye ka komai ba.

Tarisha

Yuendumu, 26 ga Mayu

Farfesa,

Gaisuwa mai yawa. Ga takardar nan, Kaka ta dangwala.

Jiya da safe ita ta kira ni. Ta nuna jijiyar hannunta, ta tambaya jinin wa aka yi aikin da shi. Na ce na matan garin nan ne, har da nata. Sannan ta yi ta magana da hannu, Kawu na fassara min inda ban gane ba. Ta ce ba Bature suka miƙa wa hannu ba, 'yarsu suka miƙa wa, don haka kada takarda ta ce aikin naka ne kai kaɗai.

Amma da sharaɗi. Mutanen nesa su kira sunan yadda suke so, kada dai ya iso Yuendumu sai ranar da ta gama makoki ta buɗe baki. Na tambaye ta yaushe, ta ɗaga kafaɗa.

Kada ka aiko mana ko kwafi ɗaya. Ka ajiye min nawa a wajenka.

Taka,
Tarisha