Inna, An Kaɗa Ƙwaryarki a Bikin Luba

Assalamu alaikum Inna,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ɗiyarki Kulu. Na san babu direban da zan ba wannan takarda ya kai miki. Ko kina raye ma sai dai in karanta miki, kina katse ni kina cewa in bar ja miki rai. Amma labari ya cika mini ciki, kuma ke ce kika fi kowa cancantar jin sa. Allah Ya kai haske makwancinki.

Bari in fara da na gida. Baba lafiyarsa lau, sai rigimar nan tasa da kika sani. Gero ya yi kyau bana a gonar Dinawa, wake ne dai ya ɗan ba mu kunya. Yaya Bello yana can Rabah wurin aikinsa. Hanya ta ɗan yi sauƙi, yana zuwa mana ranar Juma'a in bai ji wani motsi a daji ba. Akuyarki mai taurin kai ta haifi biyu, kuma duk halinta suka ɗauko.

Babban labarin shi ne an yi auren Luba. Autarki, Inna! Nasiru ne angon, mutumin Goronyo ɗin nan mai noman albasa a bakin dam, wanda kike tsokana kina cewa tun bai yi sallama ba hancinki yake gaya miki ya iso. Ita ta zaɓi abinta, kuma har yau in aka ambaci sunansa sai ta rasa inda za ta sa fuska.

Kin tuna alkawarin da kika yi mata? Kin ce ranar da za a kai ta ɗakinta, ke da hannunki za ki kaɗa mata ƙwaryar ruwa, ko da sai an jingina ki da bango. Kin yi wa ɗiyan mutane da yawa a Wurno, kin ce na autarki sai an ji shi har bakin gulbi. Allah bai nufa ba. Da aka sa rana, Luba ba ta dame ni da zancen gado ko kwanoni ba. Ta same ni ina wanki, ta ce abokan ango za su kawo lasifika, ta ce ba komai. Ta ɗan tsaya, ta sake cewa ba komai. Kin san Luba, in ta faɗi abu sau biyu, to akwai komai.

Sai na tafi wurin Goggo Tumba, aminiyarki ta bayan katanga, wadda ta yi shekaru tana buga masaki kina amsa mata da ƙwaryar ruwa. Tun ranar da aka fita da ke ta jingine kiɗa. Masakin nata ma ta juya shi ta cika da gero. Na roƙe ta, Baba ya roƙe ta, ta ce ita ba ta da mai amsa mata, a ƙyale ta don Allah. Da na ga idonta ya kawo ruwa sai na kama bakina na dawo gida.

To mi zan yi, Inna? Sauran matan da kuke fita biki tare waƙa da tafi suka iya. Ni kuwa alli hannuna ya sani. Kin sa ni makaranta, na zama malama, ban taɓa zama gaban baho da sanda a hannu ba.

Yaya Bello ne ya kawo dabara. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini darussan kiɗa da ake sa wa a intanet kyauta. Inna, da kin ga ikon Allah! Mutane daga ƙasashen da ban san sunansu ba, sun zauna suna koya wa duk mai so, ba su ce a ba su ko goro ba. Wani da ganga, wani da bokitin fenti, wata mata da tafin hannu da cinyarta kawai. Rabin abin da suke faɗi ba na ji, amma ina ganin hannunsu, kuma shi nake nema. Akwai wurin da za ka taɓa, sai malamin ya rage sauri har ka ga yadda sanda take sauka tana tashi. Ka maido shi baya yadda ka ga dama, ba zai yi maka tsaki ba. Ke kuwa a tambaya ta biyu kike cewa a ba ki wuri.

Sabis ɗin unguwarmu yana nan yadda kika bar shi, sai ka ɗaga waya sama kamar mai kiran kaji. Don haka Yaya yake sauko mini da darussan a Rabah ya kawo. Na fara da tebur. Daga nan na gwada da 'yan ajina, muka yi darasin tafi da bugun benci, rabi su fara rabi su bi. Hedimasta ya leƙo zai yi faɗa, sai na hango ƙafarsa tana bin kiɗan, ya juya abinsa.

Wata rana cikin abin da Yaya ya kawo na ci karo da wasu mata a wata ƙasa mai nisa, zaune gaban ruwa, ƙwarya a kife tana yawo a kai, suna bugawa. Irin taki sak. Na ruga na nuna wa Baba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ambaci sunanki, ya ce ashe dangin Asabe sun kai har can. A ranar na shiga ɗakinki na sauko da ƙwaryarki daga inda kike rataye ta, a naɗe cikin tsohon zanenki. Na cika baho da ruwa na kifa ta. Na tuna yadda kike karkata ta kaɗan, iska ta fita ɓul-ɓul, har sai muryarta ta zauna yadda kike so. Na yi hakan, na ɗauki sandunanki na buga. Baba ya taso daga zaure ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare.

Nan fa na sa kai. Kullum bayan la'asar ina tsakar gidanki ina fama. Na ɗauko kiɗan kai amarya da nake ji a wurinki tun ina ƙarama, na ɗora shi a kan abin da malamaina na waya suka koya mini. Hannuna ya faɗa, har na fara jin kaina. Amma akwai abin da ban lura da shi ba. Su waɗannan malamai mutum ɗaya suke koya wa, wanda yake zaune shi kaɗai a ɗaki. Dama ta kira, hagu ta amsa, ba a barin ko ɗan gurbi. Ni kuma haka na ɗauka. Ashe ina buga naki ina haɗawa da na Goggo Tumba, duk ni kaɗai.

Baba ne ya gano. Ya ce in saurara, da na fara kiɗa sai dakan da ake yi a bayan katanga ya tsaya, can kuma sai a ji tsaki. Na kasa kunne, kuma wallahi haka ne. Ya yi mini bayanin kuskurena yana dariya har da riƙe ciki. Na ce to bari in gyara. Ya ce kul, kada in gyara komai, in ƙara ma, in kuma matsa da bahon jikin katanga. Inna, kin ga mijinki? Ashe duk shirun nan nasa da dabara a ciki.

Na bi maganarsa. Na matsa da baho har yana gugar bango, na riƙa cusa bugu a duk inda na san wurinta ne. Tsaki ya koma gyaran murya. Gyaran murya ya koma faɗa da kaji da ba su yi laifin komai ba. Wata la'asar sai ga ta ta faɗo gidan ko sallama babu, masaki a hammata, ƙwayoyin gero manne a cikinsa, don a tabarma ta zazzage shi ta taho. Ta tsaya a kaina tana haki ta ce, “Wa ka wagga ɓarna cikin gidan Asabe? Ke Kulu, ba haka na ba! In nib buga, ki jira ni.” Ta shimfiɗa tsumma, ta kifa masaki, ta zauna. Baba ya sulale ya koma zaure kamar bai san zancen ba.

Abin da ta koya mini shi ne jira, kuma ya fi komai wuya. Ta buga biyu, ta ɗaga hannu, sannan ni in shiga. Ta ce tamkar lugude ne a turmi, in taɓarya biyu suka sauka tare sai a fasa wa juna baki. Sau da yawa hannuna yakan riga ni, sai ta harare ni, mu sake. Amma da ba don abin da na koya a waya ba, da ko sandar ban iya riƙewa ba, balle in yi kuskuren da zai fito da ita. Na gaya mata haka, ta ce in nuna mata su waye suka lalata mata ɗiya.

Da kin ga Goggo da waya! Ta ce mai bokitin nan yana da hannu amma ba shi da natsuwa. Matan ƙwaryar ruwa kuwa ta sa na rage musu sauri, ta kalla, ta sake kalla, ta ce waɗannan sun sha aikin, a gaishe su. Na ce ba ni da hanyar gaishe su, ta ce to wane irin zumunci ne wannan? Da ta ji cewa kowa yana iya sa nasa darasi a can don wasu su koya, sai ta ce Bello ya ɗauki nata. Yaya ya ce hannunta kawai zai fito, amma sai da ta shiga ta ɗaura sabon zane ta sa turare. Yanzu haka darasin yana can, ita tana bugu ni ina amsawa, kuma 'yan matan unguwa sun fara kwasar ƙoren iyayensu.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Lokacin da muke yara, in muna dawowa daga Islamiyya ana biki a wata unguwa, tun daga nesa nake gane hannunki. Sai in tsayar da ƙawayena in ce su ji, Innata ce waccan. Ina jin kaina ya yi girma har gida. In iso, in same ki kina wanke ƙafa kin gaji, in kasa faɗi. Mi ya hana ni? Ban sani ba. Kuma a da na ɗauka duk aikinki bugu ne. Sai da na zauna a wurinki na gane yawancinsa sauraron Goggo ne. Shi ya sa ta kasa ɗaukar masaki da kika tafi. Na yi kewarki sosai a zaman nan, Inna, amma kewa ce mai daɗi.

Ranar kai amarya gidan ya cika har zaure. Dangin Dinawa sun zo, na Rabah sun zo, motocin Goronyo suna jira a ƙofar gida. Lasifika tana ta ruri tun safe, sai Nasiru ya aiko a kashe ta. Aka fito da Luba a lulluɓe, aka zaunar da ita a tabarma, gwaggonni kewaye da ita, tana kukan amare a ƙarƙashin mayafi. Ba ta san shirinmu ba. Takanas muka tura ta Rabah wurin matar Yaya tun ana saura makonni, da sunan gyaran jiki.

Na zauna inda kike zama, gefen rijiya. Goggo ta yi bisimilla, ta buga biyu, ta ɗaga hannu. Inna, hannuna ya ƙi motsi. Ba shiri ba ne, kawai ya ƙi. Gurbin nan ya tsaya babu kowa a cikinsa, kuma duk matan gidan sun ji shi, don duk sun san na wace ce. Goggo ba ta dube ni ba. Ta sake buga biyu, ta ɗaga hannu, ta ce a hankali, “Amsa mani, ɗiyar Asabe.” Na amsa.

Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓe. Matan da kuke fita biki tare suka ɗauki waƙa, tafi ya kama, tsofaffin da suka zo da sanda suka manta da ita a ƙasa. Goggo tana bugu tana dariya, hawaye yana sauka kan masaki. Ruwan baho ya jiƙa mini zane sharkaf ban ma sani ba.

Ana cikin haka sai Luba ta yi abin da amarya ba ta yi. Ta ɗaga mayafinta gaban kowa, ta juya kai tsaye wajen rijiya tana neman mai kiɗan. Na ga fuskarta, Inna. Ke take nema. Ta gan ni, ta tsaya tana kallona baki buɗe, sannan ta fashe da dariya da kuka a haɗe. Gwaggonni suka yi caa za su rufe ta, Goggo Tumba ta daka musu tsawa ta ce a bar ta ta gani. Haka ta zauna fuska a buɗe har muka kai ƙarshen kiɗan, sannan ta ja mayafinta da kanta, aka kama ta aka sa a mota.

An yi mata, Inna. Da ƙwaryarki, da sandunanki, a wurin zamanki. Ki kwanta da daɗi, autarki ta tafi ɗakinta da kiɗan gidanmu a kunnenta.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Sai mun zo.

Taki har abada,
Kulu, mai amsa wa Goggo Tumba