Malam, Sun Mayar da Gidanka Rami

Zuwa ga maigidana, marigayi Malam Isufu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta addini da ta zaman tare, ina fatan kana cikin ni'ima, Allah ya ƙara wa makwancinka haske da yalwa. Mu da ka bari muna nan lafiya. Nasiru yana Kano yana ɗinkinsa, Balki ta sake haihuwa a Kance, ni kuma ina nan ina koyar da yara a lakwal, sai ciwon gwiwar nan da ka sani.

Na san ba a aika wa mamaci wasiƙa. Amma a gabanka na saba sauke abin da ke cina, kuma mutanen da zan yi maganarsu ka san su tun suna aron takalmi. In sun karanta sun gane kansu, su suka sani.

Bayan tafiyarka wata cuta ta shigo layinmu, ana ce mata gyaran gida. Ba irin gyaranka ba ne, na dawowa daga ci-rani a kwaɓa ƙasa, a yi yaɓe, a duba indararo, a canja azarar da gara ta ci. Wannan rushewa ake yi har ƙasa, a tayar da abin da aka gani a waya.

Alhaji Sabo ne ya fara, maƙwabcinmu na gabas. I, Sabon da kuke tallar huluna tare a Kano, wanda ka sha biya wa kuɗin mota ya dawo gida. Fataucin bakin iyaka ya karɓe shi. Ya rushe gidan ubansa, ya sa manyan motoci suka yi ta zuba jar ƙasa har filin ya kai ƙugun mutum, sannan aka ɗora gini a kai. Ya sare dogon-yaron da muke shan inuwarsa ta kan katanga. Tsakar gida ya malale ta da siminti, bai bar ko inda kaza za ta yi tono ba. Bangon waje kuwa ya manne shi da farin karo mai sheƙi, irin na ban-ɗakin gidan likita. In ka biyo layin da rana sai ka runtse ido.

Matarsa, Hajiya Mariya, ta aiko in je ganin gida. Ta riƙa jana ɗaki ɗaki tana faɗa mini kuɗin kowane abu, ban tambaye ta ba. Wannan fitilar daga Kano, waccan ƙofar daga Damagaram, rufin sama mai furanni sai da aka ɗauko masa ma'aikaci daga nesa. Tana magana gumi yana ɗiga daga haɓarta, don kwano da siminti sun mayar da ɗakin tanda, wuta ta ɗauke, fanka tana rataye kamar ado. A ƙarshe a inuwar garejin mota muka shimfiɗa tabarma. Ta ce, "Rabi, ke ma ki daure ki fita daga ƙasar nan, zamani ya wuce ta." Na ce mata ni dai na ga mijina cikinta ya koma, kuma ban ji an manna masa karo ba.

Ginin Alhaji ya hana Lawali barci, maƙwabcinmu na yamma, ɗan marigayi Habu mai shayi. Ya sayar da gonarsu ta gado da ke Kurni. Da kunnena na ji shi yana ce wa magini, "Ko da tafin hannu ne, nawa ya fi na Alhaji tudu." Cikon ƙasa kaɗai ya lashe rabin kuɗin. Siminti ya ƙara tsada. Nairar da yake kawowa daga Legas, in an canja ta, ba ta cika hannu. Gini ya tsaya a saman taga, rodi a tsaitsaye yana tsatsa.

Amma ƙofa ya sa, Malam. Ƙatuwar ƙofar ƙarfe mai ruwan zinariya, da sunansa a sama. A bayanta matarsa da yaransa suna kwana a rumfar zana, shi kuma yana awon gero a kasuwa, ɗan mutumin da rumbunsa ba ya ganin ƙasa har wata kaka. Yakan tsaya a gaban ƙofar a ɗauke shi hoto ya aika wa abokansa na Legas.

Na bayanmu suka bi sahu. Kowa ya cike, kowa ya malale tsakar gida, kowa ya huda katanga ya zuro bututu cikin layi. An yi lissafin karo, an yi na fenti, an yi na fitilar ƙofa, ba wanda ya tambayi kansa ina ruwa zai je. Mu ba mu motsa daga inda ka bar mu ba, muka wayi gari a rami.

Ka tuna yadda kake fita da fartanya in hadari ya haɗo, kai da Sabo da Habu, ku share hanyar ruwa har kududdufin ƙasan layi? Kakan ce, "Ku ba shi hanya ya wuce, ba zama ya zo yi ba." A lokacin kowane gida yana shanye rabonsa, sauran ya gangara. Yanzu ba gidan da ke shan ko cokali.

A tsakiyar daminar bana, wata rana bayan azahar, aka sako ruwa. Ba wani ruwa ba ne da ya fi waɗanda muka gani tare. Amma na Alhaji da na Lawali da na bayan gida duk suka haɗu a ƙofarmu, suka tsallake dokin ƙofa, suka cika zaure, suka shigo tsakar gida. Ni kaɗai ce. Na kwance awaki, na ja buhunan gero na ɗora a kan gado. Na shiga ɗakinka na ɗauko Alƙur'aninka da buzunka.

Ina tsaye a ƙofar ɗakina, ruwa a gwiwa, kayanka a kaina, sai na ji wani nishi a bayana. Ɗakinka ne. Ɗakin da ka fara ginawa shekarar aurenmu, wanda ka yi jinyar ƙarshe a ciki. Gindin bango ya jiƙe, ya sulale, azara ta biyo shi. Bai yi wata ƙara ba, zama kawai ya yi kamar tsohon da ya gaji. Da na ƙara jinkiri kaɗan a ciki, da ba wasiƙa zan aiko maka ba, ni zan zo.

Ban yi kuka a ranar ba. Sai da ruwa ya janye na tsinci ƙusar da kake rataye hula a cikin laka, sannan na zauna a nan na yi mai isata.

Washegari Alhaji ya zo jaje, ya tattare babbar riga har ƙirji don kada laka ta taɓa ta. Ya ce ikon Allah ne, ginin ƙasa ba shi da tabbas a wannan zamani. Ya dubi kangon ɗakinka, ya dubi katangarsa, na ga yana awo da ido. Sai ya sassauta murya ya ce, "Madam, in ɗawainiyar ta fi ƙarfinki, ni mai saye ne, albarkacin zumuncina da marigayi." Daga baya na ji mota ta biyu zai saya, ba shi da wurin ajiye ta. Zumuncinku ke nan, Malam, wurin kwanan mota.

Lawali bai iya zuwa ba, matarsa ya turo. Ta durƙusa tana kuka don kunya. Ita ban riƙe ta da komai ba, ita ma ruwa ya kwana a kanta.

Nasiru ya bugo waya ransa a ɓace. Ya ce, "Inna, mu ma mu cike, mu ɗaga mu wuce su, ko da bashi ne." Na kira Idi magini, wanda yake yi maka yaɓe, na ce ya faɗa mini abin da hakan zai ci. Ya fara da ciko, ya zo bulo, ya zo siminti da rodi da ladan ma'aikata. Kafin ya kai rufi ya cinye san da nake kiwo, da awakina, da gonarmu ta Ɗan Barto. Sannan ya sosa ƙeya ya ce in mun ɗaga, duk ruwan a gidan Iya Tabawa zai taru.

Ka san Iya Tabawa mai daddawa, ta ƙasan layi, ba ɗa ba jika. Na ce wa Nasiru ya riƙe kekensa na ɗinki ya manta da bashi. Ba zan sayar da abincinmu in sayi tudu ba, kuma ba zan ɗauki abin da aka zuba mini in juye wa tsohuwa ba.

Na ɗauki ƙanenka Malam Hamza muka je wurin mai unguwa, aka tara su. Alhaji ya ce ba shi yake yin ruwan sama ba. Lawali ya ce ba shi da ko dala. Mai unguwa ya ce maganin abin kaniwo ne, a haƙa magudanar ruwa daga saman layi har kududdufi, kowa ya gina ta ƙofarsa. Suka haɗa baki suka ce in sha Allahu bayan kaka. Mutanen da ke da kuɗin fitilar da ke canja launi a kan katanga, su ne ba su da na buhun siminti sai bayan kaka.

Na ce to in ni na samo izini, in haƙa? Suka yi dariya. Alhaji ya ce, "Haƙa mana, Madam, hanya ai ta kowa ce." A gaban mai unguwa ya faɗa, da Malam Hamza, da liman.

Na je meri, ofishin magajin gari, na samo izini. Na sayar da san, ban taɓa gona ba. Na ɗauki masu haƙa, Idi ya bi gangaren ƙasa ya ja igiya. Wallahi ba ni na zaɓi hanyar ba, gangare ne ya zaɓa, kuma ta bakin ƙofar Alhaji ya bi. Kuɗina ya isa haƙa duka, amma gini da murfi sai na ƙofarmu da na ƙofar Iya Tabawa. Saura na bar shi rami a buɗe, kamar yadda aka yanke, kowa ya gina nasa.

Alhaji yana Damagaram aka yi aikin. Ya dawo da motarsa ya tarar da rami tsakaninta da gareji. Da ka ga abin, Malam. Mutumin da ya zubar da dukiya don kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ga shi yana tsallaka katako da babbar riga, hannuwa a ware, yara suna kallo. Motar ta kwana a waje, ya ɗauki mai gadi. Ya aiko mini da faɗa, na mayar masa da maganarsa yadda ya faɗe ta: hanya ta kowa ce.

Kaka ba ta zo ba, amma siminti ya zo. Kafin Juma'a ta zagayo ya gina ta ƙofarsa da murfi mai kauri. Lawali ya tuɓe riga ya kwaɓa nasa da hannunsa, na bayan gida suka biyo. Yanzu Alhaji yana faɗa a ƙofar masallaci wai shi ya yi wa unguwa kaniwo, sadaka. Na bar masa. Mai iya manna karon ban-ɗaki a fuskar gidansa, ba abin da ba zai iya mannawa a tasa fuskar ba.

An sake ruwa mai ƙarfi kafin damina ta ɗauke. Na tsaya a zaure ina kallo, ya bi hanyarsa ya wuce. Iya Tabawa ta aiko mini da daddawa cike da ƙwarya.

Saura maganar ɗakinka. Ban tayar da shi ba, Malam, ba ni da halin yi, kuma ban san wa zan sa a ciki ba. Idi ya jiƙa ƙasarsa ya buga tubali, da ita aka mayar da katangar da ta faɗi tare da shi, aka sa siminti a gindi kawai. Ƙasar da ka kwaɓa da ƙafarka kana saurayi, ina kawo maka ruwa a tulu ina jin kunyar kallonka, ita ce yanzu take suturta ni.

Da la'asar nakan shimfiɗa buzunka a nan in jingina. Katangar tana riƙe ɗumin rana har bayan magariba, kuma ba na son tashi. Ban taɓa faɗa maka kana raye ba, don ba a koya mana faɗin irin wannan ba: na ji daɗin zama da kai, Isufu. Ka ga yau har sunanka na kira.

Allah ya gafarta maka, ya sanyaya makwancinka, ya ba ka gida a Aljanna da maƙwabta na gari. Allah ya shirya Nasiru da Balki da zuriyarsu. In tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, a kwantar da ni kusa da kai.

Taka har kullum,
Rabi, Matameye.