Kawu da Ɗa Kan Kujera Ɗaya

Kabo.

Ƙanena Jibirin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya Gwarzo? Takaba ta hana ni fita, gidan kuma cike yake da kunnuwa, shi ya sa na rubuto maimakon waya.

Jiya aka shigo min da fosta mai hotonka, wai kana neman kujerar majalisar jiha da rasuwar maigidana Alhaji Ya'u ta bari. Ka san jam'iyyarsa ɗana Sadiƙ ta tsayar a wannan zaɓen cike gurbi. Jibirin, kai fa ka koya wa yaron nan keke a ƙofar gidanmu na Gammo. Ka manta takarar Alhaji ta farko? Kai kake goya Alhajin a babur ƙauye-ƙauye, ku dawo ƙafa duk laka, in dama muku fura ku sha a ƙwarya ɗaya kuna dariya. Ka janye, don zumunci.

Yayarka,
Sabuwa.

Gwarzo.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Alhaji.

Ban manta ba, Yaya. Wancan yawon ne ma ya fito da ni. A kan babur ɗin nan muka yi wa mutanen bayan Gammo alkawarin gada a rafin da ya raba su da asibiti, kuma da bakina na rantse musu. Alhaji ya yi ta neman a yi gadar bai samu ba. A daminar bana wata mai naƙuda ta cika a bakin rafin. Mijinta ya zo har shagona, bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Malam Jibirin, ka gane ni?"

Sadiƙ ɗana ne, amma a Kano ya tashi. Masu tura shi sunan ubansa suke so. Ki yafe ni, ba zan iya janyewa ba.

Ƙanenki,
Jibirin.

Kabo.

Jibirin,

Gaisuwa. Na ba Sadiƙ takardarka. Washegari ya je ya ga rafin. Da ya dawo ya ce, "Inna, Kawu ya yi gaskiya, amma in na janye za a ce na zubar da sunan Baba." Da, in an taru a gidan nan, mutum ɗaya muke yi wa addu'a.

Sabuwa.

Kabo.

Jibirin,

Na ji sakamako a rediyo. Allah Ya taya ka riƙo. Na yi kuka, ban san ko na murna ne ko na baƙin ciki ba.

Sadiƙ bai fito ba tun safe. Ka zo, kai kaɗai, ba 'yan rakiya. Ba ni ke kiranka ba. Shi ya ce in tambaya ko Kawu zai zo.

Yayarka.