Gwaiduwar da Gwaggo Ta Zubar

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Legas, ya maigida da yara? Da fatan ciwon bayanki ya yi sauƙi. Mu nan Kontagora lafiya lau, sai ɓacin rai.

Ranar Talata na yi kek ɗin bikin maƙwabta, na haɗa kwalliyar samansa da farin ƙwai, gwaiduwa goma ta rage. Na rufe ta a kwano don in soya da albasa, tunda a wajen awon ciki an ce jinina ya yi ƙasa, in riƙa cin ƙwai. Kafin in dawo daga kai kek, Gwaggo Asabe, da ta zo daga Auna wai taya ni aiki, ta tuttule ta a kwata!

Ko kunya babu ta ce, “Hauwa, mai ciki ba ta cin ƙwai, ɓarawo za ki haifa.”

Yaya, da tsadar nan!

Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a Allah Ya sauke ni lafiya, Ya kuma riƙe mini bakina. Don saura kaɗan in tambaye ta: ita da ba ta ci ba, ba ita ta haifi Sale da ya sace akuyar Baba ba?

Ƙanwarki,
Hauwa