Maiƙon da Ke Kan Sarki

Kebbe, 3 ga Mayu

Zuwa ga ɗiyata Raihanatu. Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar jikokina da maigidanki Mannir.

Na daɗe nika jin wai akwai masu sayen tsohon kan sarki, wanda anka riga anka buga wa hatimi, da kuɗin bijimin sa guda. Ban yarda ba, don mai faɗar magabcin gaskiya ne. Sai ga shi jiya kun turo mini Gazali, dillalin tsofaffin kaya. Ya sha furata, ya ɗaga kai ya ga zakaran gwangwanin da ke bisa ɗakina shina juyawa, ya taya. Sannan ya ce in fiddo wasiƙun da mahaifiyarki ta aiko mini Kumasi. Na raka shi bakin zaure da mutunci.

Ki gaishe da kowa.
Babanki, Sambo

Tambuwal, 6 ga Mayu

Baba, ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya.

Rufin ɗakinka ya rube, bara a zaune ka kwana da kwano a kan gado. Damina ta matso. Mannir ya kawo kuɗin gyara ka mayar, ka ce ba ka cin na suruki. To wannan ai kayanka ne. Ba wasiƙun Gazali yake so ba, kan sarkin kawai zai ɓamɓare, takardun su zauna a hannunka. Ya ma ce masu tabon mai ba su da daraja sosai, amma zai haɗa duka saboda girmanka. Don Allah, Baba, ka sassauta.

Taka mai biyayya,
Raihanatu

Kebbe, 9 ga Mayu

Raihanatu, gaisuwa.

Ki gode wa Gazali bisa wannan alfarma. Hadari kuwa ba sai an gaya mini ba, tun shekaranjiya zakara ya juya baki gabas. Ni na ƙera shi da gwangwanin kananzir don uwarki Zulfa ta san inda za ta tsaya in za ta sheƙa gero. Har yau matan unguwa shi suka duba. Ba shi sauka.

Kina shekara huɗu ta rasu, shi ya sa ba ki sani ba: uwarki ba ta rubutu. Wani malami ne a ƙofar gidan waya ke rubuta mata, kuma shina ƙara nashi. “Zuwa ga hasken idanuna”! Zulfa da ke kirana Kai Wane? Takardun nan goma sha ɗaya hannun malamin ne da ƙaryarsa. Kan sarkin kaɗai ba ta bari ya taɓa. Ita ka lasa, ta danna da babban yatsa, a karkace, daga wurin tuyar ƙuli. Tabon da dillalinku ya raina, yatsanta ne.

Wato in riƙe malamin, in sayar da uwarki? Gara in kwana zaune.

Ga guda na sa miki ciki. Gadonki ne. In kin so ki kai wa Gazali.

Babanki

Tambuwal, 11 ga Mayu

Baba,

Na ɗora yatsana a kan tabon. Nata ya fi nawa ƙanƙanta. Gazali ya dawo, na ce ko garke zai bayar ba na sayarwa. Na sayar da raguna biyu da nake kiwo, ga kwanon rufi nan a motar Ziyad direba. Na ɗiyarka ne, ba na suruki ba, kada in ga ya dawo. Ka ce wa kafinta ya mayar da zakara inda yake.

Raihanatu

Kebbe, 15 ga Mayu

Ɗiyata, Allah shi yi albarka.

An yi ruwa jiya, na kwana kwance. Zakara na bisa, ni na tsaya anka kafa shi.

Zancen nan na kan sarki mai kuɗin sa, yanzu na yarda, har na ga sun rage farashi. In an tambaye ni wa ya gaya mini na ƙarshe, in ce Raihanatu ɗiyar Zulfa.

Babanki, Sambo